Yashin Bakin Binuwai, Na Wane Ne?

A bakin teku, ruwa yakan hau yashi ya sauka sau biyu a rana. A Jimeta kuwa, Kogin Binuwai sau ɗaya yake yin haka a shekara. Yakan cika a watan Agusta da Satumba, sa'an nan da rani ya janye, ya bar farin yashi shimfiɗe. Wanda ya leƙa daga kan gada sai ya ce babu kowa a wurin.

Amma akwai masu gida. A cikin wannan yashi ne kififiya take haƙa rami ta saka ƙwai. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da ruwan toka, wanda ake yi wa laƙabi da tsuntsun kada. Ba ya saƙa sheƙa. Yakan binne ƙwansa a yashi, in rana ta yi zafi ya jiƙa gashin cikinsa a kogi, ya dawo ya sanyaya su.

Yashin nan kuma shi ne abincin iyalai da yawa. Tifofi suna kwasarsa zuwa wuraren gini a Yola da Jimeta, kuɗin makarantar yara yana fitowa daga shebur. Ba wanda zai ce da mai neman halak ya zauna da yunwa saboda tsuntsu. To, amma abin da ba shi da shinge, ya zama na wanda ya riga kai hannu ke nan?

Shari'ar Musa ta taɓa wannan magana. A Maimaitawar Shari'a sura 22, an yardar wa wanda ya tsinci sheƙa ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar. Wato an ba mutum izinin ci, an hana shi cinye iri. Yashi ma yana da iyaka: tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, wani kashi na yashin da kogin yake ɗaukowa a can yake tsayawa.

Saboda haka mai ɗibar yashi ya bar tsibiran tsakiyar kogi har ƙwai su ƙyanƙyashe. Uba kuma, in ɗansa ya shigo gida da ƙwan kififiya a hula, ya tambaye shi nawa ya bari a ramin. Yaron da ya koyi rage wa tsuntsu rabonsa, da wuya ya girma ya cinye gādon maraya.