Bakin Ruwan Legas Na Wane Ne?

Waɗanda suka daɗe a Obalende a cikinmu sun san Bar Beach. Ran sallah magidanci zai kwashi yaransa su je shan iska, ba mai tambayarsa ko sisi. Yau an cike wurin da yashi, an dasa Eko Atlantic a kai, ga ƙofa ga masu gadi. Can wajen Lekki kuwa sai ka biya kuɗin shiga kafin ka ga ruwan da ba wanda ya haƙa shi.

Kada mu yi saurin zagi. Teku ta daɗe tana cin wurin, har ruwa yakan hau titin Ahmadu Bello, kuma katangar duwatsun da aka gina ta tare shi. To, mu ma ai 'yan'uwanmu masu ruwa suna tura kura suna sayar da jarka. Sai dai mai ruwa wahalarsa yake sayarwa, bai hana kowa zuwa bakin rijiya ba.

Masu fasaha sun ce uffan, amma wa maganarsu ta amfana? A 2012 gwamnati ta ba mutanen Makoko sa'a 72, ta rushe wani ɓangare na gidajensu da ke kan ruwa. A 2013 Kunle Adeyemi, mai zanen gine-gine, ya kafa musu makarantar katako mai hawa uku, tana shawagi a kan gangunan roba. Manufarsa ita ce zaman kan ruwa ba abin kunya ba ne, dabara ce. A 2016 irinta ta ci lambar yabo a Venis ta ƙasar Italiya. Ba a yi wata guda ba ta ainihin ta rufta a ruwan sama. Allah ya kiyaye, an riga an kwashe yaran.

Ba mu ce aikin banza ba ne. Ya sa duniya ta san sunan Makoko, kuma unguwar da aka sani tana da wuyar sharewa a ɓoye. Amma bai hana a kori masuntan Otodo Gbame a 2016 da 2017 ba. Hotunan masunta kuma, yawanci a ɗakunan baje koli na Ikoyi da Victoria Island ake rataye su, inda mai kwalekwalen da ke cikin hoton ba zai wuce mai gadi ba.