Damuwar Alaramma Wajen Rabuwa da Mushafinsa

A tsangayun ƙasar Ƙaraye da Rogo, inda garin Kurugu yake, kamar sauran ƙasar Kano, darajar mahaddaci tana cika ne idan ya rubuta izu sittin da ka, wato ba tare da duba wani kwafi ba, bisa ruwayar Warshu wadda ita ce karatun ƙasar Hausa tun da daɗewa. Aiki ne na watanni masu yawa, domin bayan baƙaƙen da ake rubutawa da alƙalamin kara da tawadar gabaruwa da ƙaro, sai a komo a bi kowane shafi da jar tawada a sa wasulla, a ɗiga ruwan ɗorawa a kan hamza, sannan a yi zayyana, wato adon da ke nuna sumuni da rubu'i da nisfi da farkon izu. Ba a ɗinke takardun, ana tara su ne cikin tadarishi, wanda shi ne bangon fata, a saka a gafaka, kuma sau da yawa na farkon da mutum ya rubuta yakan shekara ashirin ko talatin a rataye a ɗakinsa.

Mas'alar sayar da shi tana tasowa ne ranar da buƙata ta ci ƙarfin marubucin, ko ta kuɗin taki da damina, ko ta aurar da 'ya, ko ta jinyar iyali, sai ga mai hali ya zo neman wannan mushafi. Ta fuskar fiƙihu hanyar a buɗe take, domin Malikiyya da Hanafiyya sun halatta sayar da mushafi bisa hujjar cewa kuɗin na takarda ne da tawada da wahalar hannu, tun da maganar Allah ba ta da farashi, ko da yake an ruwaito ƙin haka daga Abdullahi ɗan Umar, kuma Imam Ahmad ya tsananta a kai. Wani abu na wannan tsoron ya saura a bakin jama'a, shi ya sa ake cewa an fanshi Alƙur'ani ko an ba da hadiyyarsa, ana gudun ambaton ciniki.

Sai dai halaccin bai cika kwantar wa alaramma da hankali ba, kuma kuskure ne a ɗauki damuwarsa a matsayin waswasi ko son abin duniya. Tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984 mushafin bugu ya wadata, saboda haka abin da alaramma yake jin zafin rabuwa da shi shi ne shaidar haddarsa, da gyaran da malaminsa da sauran gwanaye suka yi masa lokacin da aka zauna duba rubutun, da ƙarfin ido da tsayuwar hannu waɗanda tsufa ba zai mayar masa ba. A ɗaya ɓangaren kuma ya san cewa mushafin da ke rataye ba a buɗe shi yana fuskantar gara da danshi da rabon gado, alhali ladan marubuci yana gudana ne gwargwadon masu karantawa, kamar yadda rubutun Sharif Bala Gabari na Kano, da aka buga shi aka yaɗa, ya amfani almajirai marasa adadi.

Abin da ya fi cancantar a auna, ke nan, shi ne hannun da mushafin zai faɗa. Wanda zai yi tilawa da shi ko ya ajiye shi waƙafi a masallaci ya ci gaba da niyyar da aka fara rubutun da ita, amma dillalin da zai kai shi inda za a kulle shi a akwatin gilashi don ado, ko ya rarraba shafukan zayyana ya sayar ɗaya-ɗaya, ya yanke wannan niyya, kuma alaramma yana da cikakken haƙƙin ya tambayi mai fansa abin da zai yi da shi, ya hana shi idan amsar ba ta gamsar da shi ba, komai yawan abin da ya miƙo.