Ana Gadon Laifi? Tambayar da Muhawarar Kudancin Kaduna Ke Kauce Wa

Duk wanda ya saba sauraron muhawara kan Kudancin Kaduna, a rediyo ko a dandalin siyasa, ya san cewa kafin a kai ga wanda ya yi laifi sai an sha gardama kan shekarar da za a fara ƙirga. Ɗan Atyap ko Bajju yakan ɗauko zaren tun daga ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Zazzau ke kai hari ƙauyukan gindin duwatsu suna kamen bayi, ya biyo ta zamanin Turawa da aka ɗora musu hakimai daga waje. Bahaushen Zonkwa daga Afrilun 2011 nasa tarihin yake farawa. Bafulatanin ruga kuma cewa zai yi a fara daga ranar da aka toshe burtali aka karkashe masa shanu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ke biyo baya ne ke da haɗari, domin daga "an yi mana" sai magana ta zarce zuwa "su ne", kuma "su" ɗin nan ta haɗa har da jaririn da aka haifa jiya.

Kafanchan ta ɗanɗani wannan lissafi. Garin ya bunƙasa ne bayan layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927, ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo daga ko'ina. Fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikinsa, alhali 'yan ƙabilar Fantswam na cewa ƙasar ta kakanninsu ce. A watan Maris na 1987 rigima ta ɓarke a Kwalejin Ilimi ta garin kan wa'azin Rabaran Abubakar Bako. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama majami'u da shaguna a Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, na mutanen da ko sunan mai wa'azin ba su taɓa ji ba. A 2011 sai reshe ya juya da mujiya: tarzomar bayan zaɓen shugaban ƙasa ta faro daga biranen arewa, aka huce a kan Musulmin Zonkwa da Matsirga da Kafanchan waɗanda ba su ƙona cocin kowa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun mutu a jihohi 12 cikin kwana uku, mafi yawansu a Jihar Kaduna.

Abin mamaki, addinan da ake ɗaga tutarsu a wannan faɗa duk sun haramta irin wannan hukunci. Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da Faɗir da Najm cewa kowane rai nauyin kansa yake ɗauka. Babi na 18 na littafin Ezekiyel kacokan a kan haka yake, inda annabin ya soke wani karin maganar mutanensa da ke ɗora wa 'ya'ya alhakin iyaye. Limami ya san wannan, fasto ma ya sani. Sai dai idan zaɓe ya ƙarato ba kasafai ake jin waɗannan ayoyi daga mumbari ba.

To, ke nan a manta da tarihi? A nan ne masu cewa "a bar tone-tone" suke yin nasu kuskuren. Laifi daban, bashi daban. A fiƙihu ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, ba don magada sun yi laifi ba, sai don abin da ke hannunsu akwai haƙƙin wani a ciki. Jikan hakimin da ya karɓi haraji da bulala ba shi da zunubin bulalar, amma idan har yanzu sarautar da aka ɗora wa mutane ba da yardarsu ba tana nan, akwai abin gyarawa. Haka aka yi a 1995, bayan jinin da aka zubar a Zangon Kataf a 1992 kan batun sauya wa kasuwa mazauni, lokacin da gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju masarautunsu. Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu bayan rikicin Shari'a na 2000. Ba a ɗaure jikan kowa ba, an dai mayar da abu ga masu shi.

Ma'aunin nan kuwa yana auna kowa. Bahaushen Zango da kakanninsa suka zauna a wurin tun kafin zuwan Bature, idan aka kira shi baƙo aka ja masa rai a kan takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, shi ma an ci bashinsa.

Ɗan siyasa ba ya son wannan rarrabewa, don ba ta tara ƙuri'a. Ya fi son dunƙulallun sunaye. "Hausa-Fulani" ta haɗa sarki da mai sayar da goro a tasha da makiyayin Ladduga, mutanen da sau da yawa buƙatunsu ma karo suke yi. "Mutanen kudu" kuma ta haɗiye ƙabilu da dama masu harsuna daban-daban, waɗanda da yawansu da Hausa suke waƙa a coci, da Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa tun 1932. Lokacin da Gwamna Nasir El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe mataimakiya a zaɓen 2019, sai aka rasa akwatin da za a saka ta: 'yar Sanga ce, daga kudu, kuma Musulma. Wasu suka ce ba ta wakiltar yankin, kamar dai addini ne ke ba mutum mahaifa.

An taɓa gwada wata hanya. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, daga baya aka kafa allon neman gafara a Samarun Kataf. Neman afuwa da mutum ya ɗauka da kansa a madadin danginsa karamci ne, ba ɗaya yake da laifin da aka jibga masa da ƙarfi ba. Ba a jima ba aka lalata allon, kuma a jajibirin Kirsimeti na shekarar aka kai hari ƙauyen Goska.

Dalilin da ya sa "su ne" ke da kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Inda kotu ba ta kira mai laifi da sunansa ba, jama'a za su kira ƙabilarsa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu kan rikicin 2011, ya kuma miƙa rahotonsa a shekarar. Da Human Rights Watch ta sake bibiyar lamarin a rahotonta na Disambar 2013, ta tarar kusan babu wanda aka hukunta kan kashe-kashen Kudancin Kaduna.