Sassauta Horo Ba Halattawa Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, akwai tambayar da ta daɗe tana raba kan masana: idan aka kama yaro da ɗan ƙullin tabar wiwi na shansa, ɗauri ya fi dacewa da shi ko magani?

A shekarar 2001 ƙasar Fotugal ta zaɓi magani. Ta zartar cewa wanda aka samu da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, wato giram 25 na ganyen wiwi, ba za a kai shi kotu ba. 'Yan sanda su karɓe kayan, su miƙa shi ga wani kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a. Su yi masa gargaɗi, ko su ci shi tara, ko su nuna masa hanyar asibiti. Mai fataucinta kuwa har yau gidan kaso ne makomarsa.

Abin da ya biyo baya ya isa abin lura. Masu shan wiwi ba su yi ambaliya kamar yadda aka ji tsoro ba, amma kuma ba su ƙare ba. Waɗanda ke ɗaure saboda laifin ƙwaya sun ragu, alƙalai sun sami sararin fuskantar manyan dillalai. Yaron da dā zai shiga kurkuku ya fito da tabon da zai hana shi aiki, ya kuma koyo sata a can, yanzu ya tsira daga wannan. Sai dai bayan da aka rage kuɗin jinya wajen 2012, aikin ya yi rauni, har mutanen birnin Porto suka riƙa kukan ana shaye-shaye a bakin titi.

Malaman fiƙihu sun riga Turai tattauna irin wannan. Sun haɗu a kan cewa shan abin da ke gusar da hankali haramun ne, domin tsare hankali yana cikin manyan manufofin shari'a. Saɓaninsu a kan horon ne. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, yana ganin a yi wa mai shan hashish haddin mashayin giya. Alƙarafi Bamalike, wanda ya rasu a 1285, yana ganin ladabtarwa ce ta kamace shi, gwargwadon abin da alƙali ya ga zai gyara shi.

Ashe ke nan haramci daban, ma'aunin horo daban. Hukuma tana iya sauƙaƙa horo, amma ba ta da ikon mayar da cuta magani. Haɗarin shi ne yaro ya ji an daina ɗauri, ya ɗauka an halatta. Saboda haka ƙasar da ta rufe ƙofar kurkuku, wajibi ne ta buɗe ta asibiti, iyaye da malamai kuma su ɗauki nauyin da ɗan sanda ya sauke. In ba haka ba, an saki yaro ne kawai, ba a cece shi ba.

Allah Shi ne Masani.