MUTUM YA FI RUMFARSA

Ya ɗan'uwana mai-karatu, ka san al'adar kasuwanninmu, yadda a kan kira mutum da sunan hajarsa. Wannan Mai-goro ne, wancan Mai-gishiri, ga Mai-turare, ga Mai-fura. Yau da gobe sunan nan ya kan danne wanda aka raɗa masa, har yaran unguwa su girma ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Babu laifi cikin wannan, gama hanya ce ta rarrabe mutane. Amma akwai tambaya ɗaya wadda ya kamata kowane mai-bin Almasihu ya yi wa kansa tun kasuwa tana ci: ran da goro ya ƙare, Mai-goro wane ne? Ya zama ba kowa ba ke nan? Bisa ga amsar da ka ba tambayan nan za ka yi cinikinka, ko da gaskiya ko da ha'inci, ko da kwanciyar rai ko da fargaba dukan kwanakinka.

I. ABIN DA DALAR GYAƊA TA KOYA MANA

A shekara ta 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa suna sa zuciya auduga ce za ta cika jirgi, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko ba a saya ba, a ci ta a gida. Tun daga 1912 gyaɗa ta kama hanyar Ikko da yawa ƙwarai. Fatake waɗanda iyayensu suka tsufa a hanyar Gwanja da jakuna domin goro suka juya ga sabon ciniki. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya zama babban mai-sayen gyaɗa. Daga baya aka riƙa jera buhu bisa buhu har su zama dala, matafiyi ya hango su tun daga nesa. Dillalai, da 'yan baranda, da masu-awo, da 'yan dako, kowa ya sami abin kai wa bakinsa.

A 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, faɗuwar ta bi ta Turai har ta iso Kano, kuɗin gyaɗa ya zube. Wanda ya saya da tsada ya sayar da araha, bashi ya hau wuyansa. Bai yi ragwanci ba, bai yi wauta ba. Abin ya taso daga garuruwan da bai taɓa gani ba. Cinikin ya sake tashi, ya yi shekaru yana bunƙasa, sa'an nan fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin ƙasa daga noma. Ba a daɗe ba aka daina tara dala.

Yanzu fa mu yi tunani. Idan da sikelin gyaɗa a ke auna darajar mutum, ashe ɗan kasuwa ɗaya yana da nauyi a 1928, ya zama ƙaiƙayi a 1931, ko da shi ke hannuwansa su ne na dā, hankalinsa kuma bai ragu ba. Wannan magana hankali ba ya karɓarta. Kuma waɗanda suka bar goro suka kama gyaɗa ba su zama waɗansu mutane dabam ba. Kaya suka sake, kamar yadda matafiyi ya kan sauke wani ƙunshi ya ɗauki wani. Ciniki fa kaya ne a kan mutum. Mai-ɗaukar kaya dabam, kayan dabam.

II. YADDA ZA KA GANE KA GAMA KANKA DA RUMFARKA

Cutan nan tana da fuska biyu, tushensu kuwa ɗaya ne. Sa'ad da riba ta shigo, mutum ya kan kumbura. Gaisuwar da ya saba amsawa da baki sai ya amsa ta da ka. Ya dubi ɗan'uwansa wanda ba shi da jari, ya ce a ransa rago ne. Sa'ad da hasara ta zo, mutumin nan dai shi ne kunya za ta hana shi fita ƙofar gida. Mai-kumburin da mai-kunyar abu ɗaya suka gaskata, watau su ne cinikinsu.

Dubi irin 'ya'yan da wannan tunani ya kan haifa. Uwar kuɗi ta soma zaizayewa, amma maigida ya ɓoye wa matarsa, gama yana tsoron ya ragu a idonta. Ya ci bashi ya ɗinka babbar riga domin kada kasuwa ta gane, ya manta zanen aro ba ya rufe katara. Ya buga gindin mudu, ya zuba tsakuwa cikin hatsi, ya rantse a kan kuɗin da bai saya ba. Mai-ƙosai ta ɗauki adashi ta biya wani adashi, har ta rasa inda za ta tsaya. Barci ya ƙaurace, abinci ya ƙi shiga, yara suna shan faɗa ba su san laifinsu ba. A ƙarshe wani ya kan sulale daga gari da dare ya bar iyali da masu-bin bashi. Wani ma, abin tausayi, ya kan yi fatan mutuwa. Yawancin waɗannan ba miyagun mutane ba ne tun fari. Suna gani idan rumfa ta rushe su ne suka rushe, wanda ruwa ya ci kuwa, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

III. DAGA INA DARAJARKA TA FITO?

Littafi Mai-Tsarki ya koya mana tun daga sura ta fari ta Farawa, Allah ya halicci mutum cikin kamaninsa, namiji da tamace. A ran nan babu kasuwa tukuna, babu kuɗi, babu wanda ya ci ribar ko anini. Ka dubi jariri a bayan uwatasa: ba shi da jari, ba ya kawo kome gida sai ɗawainiya, duk da haka wa zai ce mata ba shi da daraja? Haka ka zo duniya, da darajarka ka zo, tun ba ka san awo ba.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san a kan gane tamanin abu daga kuɗin da masaninsa ya yarda ya biya. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari, ya tuna wa masu-bi ba da azurfa ko zinariya aka fanshe su ba, da jinin Almasihu ne. An riga an yanka kuɗinka, an kuwa biya, tun ba ka buɗe rumfa ba. Ribar bana ba ta ƙara kome a kai, hasarar baɗi kuma ba za ta rage ba.

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin wani saurayi wanda ya karɓi rabon gādonsa ya hallakar da shi a ƙasa mai-nisa. Da yunwa ta koro shi gida, ya yi lissafi irin na kasuwa: dukiya ta ƙare, domin wannan matsayin ɗa ya ƙare, sai dai ya roƙi aikin barantaka. Amma uban bai bi wannan lissafi ba. Tun yana nesa ya sheƙa ya rungume shi, ya sa aka kawo riga da zobe da takalma. Wannan saurayi da laifinsa ya tsiyace. Idan shi bai rasa zamansa na ɗa ba, balle kai wanda fari, ko gobara, ko faɗuwar kasuwa ta cinye jarinka?

Ga kuma Ayuba, mai-tumaki 7,000, da raƙuma 3,000, ban da shanun noma da jakuna. Rana ɗaya aka share su duka. Shaiɗan ya ce tsoron Allah na Ayuba ciniki ne, a ɗauke dukiyar a gani. Aka ɗauke. Ayuba ya yi kuka, ya yi makoki mai-zafi, gama hasara tana da ciwo, Allah kuwa bai hana mu jin ciwonta ba. Amma mutumin da ya zauna cikin toka shi ne dai bawan Allah wanda ya ke dā cikin garkensa. A ɗaya gefen kuma akwai mawadacin nan na cikin Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya riƙa yi wa ransa magana sai ka ce ransa hatsi ya ke ci. A daren nan aka karɓi ransa, rumbunan suka zama na wani.

IV. WATAƘILA ZA KA CE

Wataƙila za ka ce, "Idan haka ne, me zai sa in yi sammako? Bari in kwanta, tun da darajata ba ta raguwa." A'a, ɗan'uwa. Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da Biriskilla, ya kuma tsauta wa masu-zaman banza a Tasalonika. Lidiya, mutuniyar Tiyatira, mai-sayar da tufafin shunayya ce, a gidanta kuwa masu-bi suka taru a Filibi. Ciniki aiki ne mai-kyau. Da shi za ka ciyar da iyalinka, ka taimaki gwauruwa da maraya. Amma ka riƙe shi kamar yadda amintaccen wakili ya kan riƙe rumfar ubangidansa. Yana buɗewa da sassafe, yana kiyaye kowane kwabo, gama zai ba da lissafi. Idan gobara ta tashi ba da sakacinsa ba, ya kan tafi ya faɗi gaskiya, ba ya gudu. Irin wannan mutum ya fi iya ciniki ma, domin idonsa a buɗe ya ke: yana iya cewa, "Hajan nan ba ta tafiya, bari in bar ta," ba tare da ya ji kamar hannunsa a ke yankewa ba.

Wataƙila kuma za ka ce, "Ai mutunci shi ne jarin ɗan kasuwa, yaya zan raba sunana da cinikina?" Gaskiyarka, amma suna iri biyu ne. Akwai sunan mai-kuɗi, akwai sunan mai-amana. Na fari kasuwa ce ta ara maka, ita kuma za ta karɓe, gama duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Na biyu yana hannunka, babu farin da zai ƙone shi. Abin baƙin ciki shi ne, mutane da yawa su kan sayar da na biyu domin su tsare na fari, su tashi babu ko ɗaya.

V. ABIN DA YA KAMATA MAI-BI YA YI

Da fari, ka raba kuɗin gida da kuɗin ciniki, ka rubuta shiga da fita, ka dube su da gaskiya. Lissafi labarin rumfa ya ke bayarwa, ba shari'a ya ke yi maka ba.

Na biyu, idan abu ya soma lalacewa, ka faɗa wa matarka, ke kuma ki faɗa wa mijinki, ku nemi shawarar wani dattijo mai-riƙe asiri tun rami bai yi zurfi ba.

Na uku, ka tafi wurin mai-binka bashi da rana tsaka, da ƙafarka. Ka gaya masa abin da ya rage, ku yanka yadda za ka biya kaɗan kaɗan, ka kuwa cika. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙarya ce abin kunya.

Na huɗu, ka rufe rumfa ran Lahadi da zuciya ɗaya. Kowane mako wannan rana tana koya maka duniya ba ta tsaya ba don ka huta, kai ma kana nan, mutum ne cikakke, ba mudu a hannunka.

Na biyar, idan jari ya ƙare sarai, kada ka rena ƙaramin aiki. Talla, ko dako, ko komawa gona ba su ƙasƙantar da ɗan Allah. Ubangijinmu da kansa masassaƙi ne a Nazarat.

Kai kuma wanda ka shigo hanyan nan kwanan nan, mai-yiwuwa ne waɗansu da suka saba saye a wurinka su janye ƙafa. Kada ka riƙe su a zuciya, kada ka fasa gaishe su. Ka cika mudunka ga kowa, ko wane ne shi. Idan cinikinka ya ragu, kai ba ka ragu ba.

Akwai kuma nawaya a kan jama'ar masu-bi duka. Yakubu cikin wasiƙarsa ya hana mu ba mai-zobe wurin zama mai-kyau mu bar matalauci a tsaye. Idan ɗan'uwa ya karye, mu gaishe shi yadda mu ke gaishe shi dā, mu tafi gidansa, mu kira shi da sunansa. Sau da yawa daga fuskokinmu ne zai fara gaskata Allah bai yashe shi ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka san sunanmu tun kasuwa ba ta san mu ba. Ka sa albarka ga aikin hannuwanmu. Idan ka ba mu riba, ka tsare mu daga girman kai. Idan ka bar hasara ta same mu, ka tsare mu daga ƙarya da fid da zuciya. Ka sa mu zama amintattu cikin kaɗan da cikin mai-yawa, har ran da za mu ba da lissafi a gabanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.