Ƙarfin Murya Ko Kyan Saurare?

Akwai waɗansu mutane a duniya waɗanda sha'awarsu ita ce haɗa rediyo da hannunsu. Sukan sayo kayan a warwatse cikin kwali tare da takardar bayani, su bi ta daki-daki, suna liƙa kowane ɗan ƙarfe da dalma, har akwati ya tashi. Irin wannan akwati yana karɓar magana, yana kuma aikawa. Ba a aikawa da shi sai da izinin gwamnati, kowa kuwa da lambar kiransa. Ta mutanen Nijeriya takan fara da 5N.

Cikinsu akwai masu ɗaura wa kansu sharaɗi, ba su wuce ƙarfin wat 5, watau kamar na ɗan ƙaramin ƙwan lantarki, alhali manyan tashoshi suna aiki da wat dubbai. Duk da haka akan ji su har ƙetaren teku. Dalili kuwa, saƙon gajeren zango yakan hau sama, ya bugi wani sashe na iska can nesa, ya komo ƙasa a wata nahiya. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi tilas ya ɗaura eriyarsa daidai, ya yi haƙuri har lokaci ya yi kyau, sa'an nan ya sami mai kasa kunne a can. Ko Markoni, sa'ad da ya tsinkayi saƙo daga Ingila a 1901, yana wani tsibiri na ƙasar Kanada ta yau, abin da ya shiga kunnensa 'yan ƙwanƙwasa uku ne da kyar.

Mutanen nan suna da ƙa'ida, kada mutum ya yi aiki da ƙarfin da ya wuce bukatarsa, domin mai yawan ƙarfi yakan danne na kusa da shi.

To, jama'a, mu duba zamanmu. In an taru a ƙofar dagaci a ƙasar Karaye ko Rogo kan iyakar gona, wa akan ji? Sau da yawa mai kuɗi da mai maƙogwaro ke cika wurin, talaka mai gaskiya ya koma gida da maganarsa a ciki, gona kuwa ta tafi.

Wani zai ce, ai wanda bai ɗaga murya ba ya cuci kansa. Akwai gaskiya a nan, gama ko ƙaramin akwati banza ne in babu mai saurare. Ashe nauyin a kan mutum biyu yake. Mai magana ya shirya ta tun daga gida, kamar yadda mai haɗa rediyo ke bin takardarsa, ya faɗe ta a kan kari. Mai iko kuwa ya tsawata wa masu hayaniya, ya nemi muryar da ta fi ƙanƙanta, gama watakila gaskiyar tana wurinta.

Allah ya ba mu kunnen jin mai rauni, amin.