Gatari da Lamiri: Hakkin Maƙwabci a Kan Itace Mai Ciwo

Mutum yakan dasa itace a ƙofar gidansa, ya shayar da shi, 'ya'yansa su girma a inuwarsa. Sai wata rana ciwo ya kama itacen, rassansa su bushe, su rataya bisa hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. Idan hukuma ta ce a sare, mai gida ya ce nasa ne, wane ne yake da gaskiya?

Abin da ya faru a Ingila yana da koyarwa. Daga ƙarshen shekarun 1960, wata cuta ta kashe itatuwan elm fiye da miliyan 25 a Birtaniya. Cutar wani irin fumfuna ne da yake toshe hanyoyin ruwa a cikin itace. Ƙananan ƙwari masu hayayyafa a ƙarƙashin ɓawo ne suke ɗaukarsa daga itace zuwa itace, yakan kuma bi ta saiwoyin da suka haɗu a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka wanda ya bar itace mai ciwo a tsaye, itatuwan maƙwabtansa ma ya jawo wa mutuwa, gama ƙwaro bai san katanga ba.

Mutanen birnin Brighton sun gane wannan. Tun daga shekarun 1970 aka riƙa duba itatuwa, ana sare wanda ya kamu ba tare da jinkiri ba. Da haka birnin ya tsira da dubban itatuwan elm, alhali wurare da yawa sun rasa nasu kusan duka. Mallaka ba ta ba mutum izinin cutar da wani. Wanda ya ci moriyar inuwa, shi ne ya kamata ya fara ɗaukar nauyin reshen da zai karye.

Amma gatari a hannun hukuma ma amana ne. A birnin Sheffield, bayan kwangilar gyaran tituna ta 2012, an sare itatuwan bakin hanya fiye da 5,000, ana cewa sun mutu, ko suna da ciwo, ko haɗari, ko suna lalata hanya. Mazauna suka yi ta ƙin yarda, har aka kama waɗansunsu. A 2023 binciken da Mark Lowcock ya jagoranta ya nuna cewa majalisar birnin ba ta faɗa wa jama'a gaskiya ba, daga baya kuwa majalisar ta nemi gafara. Amma neman gafara ba ya ta da itace mai shekara ɗari.

Birane biyun sun ɗauki gatari, abin da ya raba su shi ne gaskiya. Mai gidan da ya san itacensa ya ruɓe, ya yi shiru domin gudun kashe kuɗi, ya sa ran maƙwabcinsa cikin haɗari. Ma'aikacin da ya kira lafiyayyen itace mai ciwo domin aikinsa ya yi sauƙi, ya ƙwace wa talaka inuwarsa. Ya wajaba a kira masani ya duba kafin a yanke hukunci, a datse reshe inda datsewa ta isa, a taimaki gwauruwa da tsoho waɗanda ba su da kuɗin sara, a kuma dasa sabo a gurbin wanda ya faɗi. Tambayar da lamiri zai yi wa kowa ita ce: wa zai bi ta ƙarƙashin wannan itace gobe?